Ranar da Hannuwan Haladu Suka Gudu

Hantsi bai gama ɗagawa ba zazzaɓi ya kwantar da Haladu wanzami a rumfarsa ta bakin kasuwa. Hamma yake ta yi ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina na zuba kamar mai yankan albasa, tsigar jikinsa na tashi a tsakiyar zafin bazara. Ƙasusuwansa kuwa, da za ka tambaye shi, sai ya ce wani abu ne yake gwaguyarsu ta ciki. Kuma kada ka yi saurin tausaya masa, don shi ya jawo wa kansa.

Wata tara ke nan kullum safe yana zuwa wata 'yar taga a asibitin gari, a zuba masa maganin metadon a ɗan kofin roba, ya shanye a gaban ma'aikaciya, ya buɗe baki ta gani, ya kama gabansa. Wannan ɗan kurɓi mai ɗaci shi ya raba shi da ƙwaya da allura, waɗanda suka kama shi tun da babur ya karya masa cinya. Shekara bakwai suka riƙe shi, har ranar da ya yi gyangyaɗi da aska a hannu ya zabtare wa wani dattijo gefen kunne. Daga ranar kowa ya ɗauke kansa daga rumfar. Sai a 'yan watannin nan ne masu aski suka fara dawowa, ɗaya-ɗaya, suna zama suna satar kallon hannunsa.

To, ƙanwarsa Yahanasu ta haihu bayan shekara goma sha ɗaya tana jira, kuma gobe suna. Ta ce babu askar da za ta taɓa kan ɗanta sai ta yayanta, yadda ubansu ya aske su. Mijinta, Malam Sa'adu, mutumin kirki ne amma mai tsoro, ya zo har rumfa ya durƙusa kansa a ƙasa ya ce, "Yaya, ka yi mini aikin gafara. Mai shan wani abu kullum safe ai bai daina ba, wurin sha ya sauya. In za ka iya rantsuwa ranar suna babu komai a jikinka, ga kan yaro nan."

Zuciya ta ɗebi Haladu ya ce zai rantse. Ya yi fashin tagar jiya da shekaranjiya, wai don ya riƙe aska da tsarkakakken hannu. Wauta ce, amma irin wautar mutumin da ya gaji da kallon da ake yi masa. Ga shi yau hannun yana karkarwa, ko butar alwala ba ya iya riƙewa. An sha gaya masa a asibiti cewa wanda ya yi fashin kwana uku a jere sai an koma da shi farko, kuma da an kira azahar ake rufe tagar. A ƙarƙashin gada kuwa, Cinnaka mai sayar da ƙwaya ba ya rufewa. Haladu ya kwanta yana auna hanyoyin nan biyu, ya yi matashi da zabirarsa, jakar fatar da yake zuba kayan wanzanci. Idonsa ya yi nauyi, hayaniyar kasuwa ta yi nisa.

Sai zabirar ta yi atishawa.

Ya ɗaga kai. Askar da ya gada wurin ubansa ta fito daga ciki, ta yi miƙa, ta yi ta tsawo har ta kai tsayin mutum, ta tsaya a kan tsininta tana ƙyalli. Ta yi magana da muryar tsohuwa mai goro a baki.

"Haladu, ina hannuwanka?"

Ya duba. Babu su. Damatsansa sun sauko sumul sun ƙare a dunƙule kamar bakin taɓarya, ba jini ba ciwo. Can ya hango su, na dama da na hagu, suna gudu a kan yatsu, suna bi ta ƙarƙashin teburan 'yan tumatir, har suka haye katangar kasuwa suka ɓace.

"Me na yi musu?"

"Sun ji aikin da za ka sa su gobe, suka tsorata. Tashi mu bi sawu."

Suka fita, Aska a gaba tana ɗingishi a kan tsininta, tana barin ɗan siririn layi a ƙasa. Kasuwar ta naɗe kanta a bayansu, titin ya zama busasshen rafi mai yashi. Nan Haladu ya lura inuwar da ke binsa ba tasa ba ce. Ƙafa huɗu gare ta, gabanta a sama bayanta a ƙasa, kuma tana dariya. In ya ɗaga ƙafa sai ta kai masa cizo a diddige, zafin ya bi ƙashi har ƙeya.

"Kura ce," in ji shi.

"Taka ce," in ji Aska. "Kada ka yi kamar yau kuka fara gamuwa."

Rafin ya kai su ƙarƙashin wata gada wadda ba a ganin farkonta balle ƙarshenta. A inuwarta mutane ne cike, duk a tsaye, duk suna barci. Wasu ciyawa ta tsiro musu a kafaɗa, wasu gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin haɓarsu da ƙirjinsu. A tsakiya Cinnaka ne zaune a tabarma, ya jera hannuwa bibbiyu a gabansa yadda ake jera takalma. Ya washe baki da ganin Haladu.

"Kai, Wanzam, ka yi wuyar gani! Ga na maɗinka hula, ga na likitoci, ga na masu rubutun allo. Ko ɗaya ba ya rawa. Gwada, ai kai na gida ne."

Kafin Haladu ya ce uffan, wasu hannuwa biyu suka yi tsalle suka manne masa. Wayyo daɗi! Ɗumi ya taso daga yatsu ya ratsa shi, ciwon ƙashi ya ɗauke, duniya ta yi laushi. Ya daɗe bai ji irin wannan ba, kuma gaskiya ita ce ya yi kewarsa. Kurar ta kwanta a gefensa tana kaɗa wutsiya, amma Haladu ya ga tana kumbura, ta kai maraƙi, ta doshi sa.

"Ɗaga su ga rana," in ji Aska.

Ya miƙa su waje da inuwar gada. Nan take suka fara narkewa, ashe da man shanu aka ƙera su, kuma a madadin ƙashi allurai ne a cikin yatsun.

"Zuwa yaushe suke kaiwa?" ya tambayi Cinnaka.

"Zuwa la'asar."

"Gobe fa? Gobe nake da aski."

"Gobe ai ka san hanya."

Aska ta nuna masa wani mai barci a gefe, wanda ciyawarsa ta fi ta kowa tsawo, ƙirjinsa ba ya motsi. "Shi ma fashi ya yi, ya dawo ya nemi mudun da ya saba. Jikinsa ya riga ya manta mudun."

Haladu ya tsaya yana kallon man da ke ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ya tuna kan jariri, yadda yake da taushi, ya tuna kunnen dattijon nan. Sai ya yarfe damatsansa da ƙarfi, hannuwan aro suka faɗi a yashi suka zama tabon maiƙo.

"Riƙe kayanka, Cinnaka. Gara in je dungu."

Faɗin haka ke da wuya gadar ta tsage daga sama, haske ya zubo, har wasu daga cikin masu barcin suka motsa ido. Kurar ta koma girmanta na da, amma ta tashi a fusace, ta damƙe shi a cinyar da ta taɓa karyewa. Ya yi ƙara, ya ja ƙafa, suka wuce. Duk da azabar, wani abu mai kama da murna ya ratsa shi, don tunda yake bai taɓa barin wurin Cinnaka da idonsa a buɗe ba.

Yashi ya ƙare, suka hau tudu. A kan tudun wata ƙatuwar kuka ce, sai dai maimakon ganye harsuna ne suka cika rassanta, jajaye, suna lilo, kowanne na magana. Ya ji muryar mai shayin unguwarsu, ya ji ta matan da ke ɗiban ruwa a famfo, ya ji ta Malam Sa'adu.

"Ɗan ƙwaya."

"Wurin sha ya sauya."

"Mai hali ba ya fasa halinsa."

Can ƙasa, daidai fuskarsa, wani harshe ya fi duka kauri da tsawo, kuma ya fi duka ɗaga murya. "Kai ba ka warke ba," yake cewa, "kai bawan kofi ne." Haladu ya saurara da kyau, sai ya ji ashe tasa muryar ce.

"Sauran harsunan, iska ce take kaɗa su," in ji Aska. "Wannan kai kake ba shi ruwa safe da yamma."

"To yanke shi mana!"

"Ni ba na yanka sai an riƙe ni."

Suna nan sai ga ayari ya ɓullo ta bayan kukar, suna tafe suna hira kamar masu zuwa cin kasuwar ƙauye. Ga tsoho da tabarau, ga mai hawan jini da ƙullin maganinsa a gefen hula, ga mai ciwon suga, ga wata gurguwa ta sha kwalliya za ta gidan biki. Harsunan ba su ce musu komai ba. Da gurguwar ta zo wucewa, sandar da ke hammatarta ta tsaya cak ta dubi Haladu da idon da ke jikin icenta.

"Shekara ashirin ina ɗauke da ita," in ji Sanda. "Ba wanda ya taɓa cewa ta rantse ba ta tare da ni kafin ta shiga taro."

"Ita ba ita ta jawo wa kanta ba," in ji Haladu. "Ni da ƙafata na je ƙarƙashin gada."

"To sai me? Wanda ya faɗo daga itacen da ya hau da kansa, ba a yi masa ɗori?"

Haladu ya buɗe baki zai yi musu, don musu ya iya. Sai dariya ta kuɓuce masa, irin wadda rabonsa da ita tun kafin babur ya kayar da shi. Yana dariyar, ƙaton harshen nan ya yanƙwane, ya bushe, ya faɗo ƙasa, wata akuya ta zo ta cinye shi. Sauran suka ci gaba da surutunsu, amma yanzu bai fi ƙarar ganye ba.

Bayan tudun sai ga wani faffaɗan garke, turaku jere har iyakar gani. A kowane turke kura ce ɗaure, ta ɗora haɓa a kan dagi tana sharar barci. Wata tsohuwa ce ke kiwonsu, sanye da warki da ƙararrawa a ƙugu irin na masu wasa da kura, tana zagawa da ɗan ludayi tana zuba wa kowacce a baki, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Ta tsaya a wani turke da babu komai sai guntun igiya.

"Sannu da aiki, Iya," in ji Haladu. "Wa ya tsinke wannan?"

"Wani mai zuciya. Wata tara tana barci lafiya, ya zo ya tashe ta wai zai nuna wa surukinsa shi namiji ne."

Kunya ta kama shi. "Iya, ni so nake in kashe ta in huta."

Tsohuwar ta yi tsaki, ƙararrawarta ta amsa. "Ku wanzamai haka kuke, ku tsaga kowa amma ba kwa son jarfa. Saurara. Akwai waɗanda nake rage wa tasu ludayi a hankali, wata da watanni, har ta koma kamar kyanwa, wata rana a wayi gari babu ita. Akwai waɗanda da turkensu za su tsufa. Duka biyun suna noma, suna ɗinki, suna aurar da 'ya'ya. Amma tunda nake kiwon nan ban ga wanda ya kashe tasa da zuciya a kwana uku ba."

"To ni wanne ne a ciki?"

"Ba a sanin wannan ranar jajibirin suna. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Hannuwana fa?"

Ta ɗaga ludayin ta nuna gabas. "Suna inda ka bar hankalinka. Yi sauri, ana jan rana."

Ya ɗaga kai, ya ga gaskiya ne. An ɗaura wa rana igiya, wani da ba a gani yana janta sama kamar guga, ja ɗaya bayan ɗaya, saura kaɗan ta kai tsaka. A can ƙarshen wani fili mai baƙar ciyawa wata taga ce tsaye ita kaɗai, ba bango ba ɗaki, kuma murfinta yana saukowa daidai da hawan rana.

Sai dai tsakaninsa da tagar duk mutanen garin ne suka yi layi biyu, suka bar 'yar hanya a tsakiya. Ga liman, ga 'yan majalisar bakin masallaci, ga matan unguwa, ga duk wanda ya taɓa yi wa aski. Haladu ya ja baya. Wata taran nan ta bayan asibiti yake bi, ya karya hula ta rufe masa goshi, in ya hango wanda ya sani ya yi kamar dubiya ya zo.

"Babu hanyar baya?" ya tambayi Aska.

"Yau babu."

Kurar ta yi tsalle ta haye bayansa, ta rungume shi da dagi, numfashinta mai wari a kunnensa. Nauyinta ya kai buhun gero biyu. Haladu ya durƙusa, ya miƙe, ya sake durƙusawa, ya sake miƙewa. Ya ce a ransa, to ku kalla, ai dama kallon kuke so. Ya shiga tsakiyar layin da kurarsa a goye, ba hula ba hannu, ya fara tafiya, tafiyar ta zama sassarfa, sassarfar ta zama gudu. Idanu suka bi shi ta ko'ina. Abin mamaki, ko ɗaya bai huda shi ba.

Ya iso tagar saura taƙi ɗaya ta rufe. Ya tura kai ciki, murfin ya tsaya a kan wuyansa. Wata farar balbela ce zaune a ciki, da tabarau a kan dogon bakinta.

"Suna?"

Ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba."

Ya cika ƙirji ya ce, "Haladu ɗan Makau wanzami! Na yi fashin kwana biyu, na dawo!" Muryar ta fita ta zaga filin, ta bugi tudun kuka ta dawo.

Balbelar ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma yaba masa ba. Ta turo ɗan kofin roba da baki. Haladu ya dubi dungulminsa, ya dubi kofin.

"Da me zan ɗauka?"

"Sunkuyo," in ji Kofi.

Ya sunkuya, a gaban liman da 'yan majalisa da kowa, ya sa baki ya zuƙe. Ɗaci ne kawai. Ya jira ɗumin nan na ƙarƙashin gada, bai zo ba. Abin da ya zo shiru ne. Gwaguyar ƙashi ta lafa, hamma ta tsaya, ya ji tafin ƙafarsa a kan ƙasa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan," in ji Kofi. "Ni ba na kai mutum sama. Ƙasa nake dawo da shi, inda aikinsa yake."

Kurar ta sulale daga bayansa, ta yi wata doguwar hamma, ta zagaya sau uku ta kwanta. Tsohuwar mai ƙararrawa ta zo ta zura mata igiya ta ja ta kamar tunkiya. Sai ciyawa ta motsa. Ga hannuwansa nan sun fito, suna tahowa a hankali, na hagu yana ɓuya a bayan na dama. Ya gane su da tabon ƙuna a babban yatsa da kantar riƙon aska. Suka tsaya a gabansa suna jiran faɗa.

"Ku zo," in ji shi, hawaye na zubo masa. "Ku kuka fi ni hankali."

Suka hau suka koma mazauninsu. Ya miƙa su gaba, ya ware yatsu goma. Ƙuda ya sauka a kan ɗaya ya zauna abinsa, bai ji motsin da zai kore shi ba.

Sai ƙasa ta numfasa a ƙarƙashinsa. Filin ya taso, ya yi ƙozo, ya yi ɗumi, kuma baƙar ciyawar nan ashe ba ciyawa ba ce, sumar jariri ce mai laushi da ƙamshin nono. A kan ɗan Yahanasu yake tsaye. Aska ta dube shi, ta ce, "Yanzu kam riƙe ni," ta ƙanƙance ta faɗo a tafinsa daidai wa daida.

Ya yi bisimilla ya fara daga ƙeya. Askar ta tafi sumul. Duk sumar da ta faɗi sai ta zama tsuntsu ta tashi, har sama ta cika da su, kuma duk inda ya share sai fata ta fito tana sheƙi kamar sabuwar ƙwarya. Ya zagaye kunnen dama. Ya zo kunnen hagu, nan zuciyarsa ta buga, amma hannun bai buga ba, ya zagaye shi lafiya. Mutanen da suka yi layi suka matso. Wata mata ta rangaɗa guɗa, wata ta karɓa.

Saura maɗiga, wurin nan mai taushi a tsakar kai inda ƙashi bai haɗe ba. Ga ta nan a gabansa, faɗinta ya kai bakin rijiya, tana harbawa sama da ƙasa, ran yaron duka a ƙarƙashin 'yar fata. An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, amma wanzami ya san a maɗiga ake gane gwani. Haladu ya daidaita numfashinsa da bugunta, in ta taso ya jira, in ta sauka ya ja. Sau uku ya ja. Ko ƙwarzane babu.

Garin ya ɗauka da sowa. Kalangu ya tashi daga inda ba a sani ba, tsuntsayen suka yi ta kewaya shi, dattijon nan mai guntun kunne ya fito daga taro yana rawa yana nuna kansa wai a yi masa shi ma. Haladu ya ɗaga askar sama, yana dariya yana kuka. Sai jaririn ya buɗe ido, ya dube shi, ya buɗe baki ya yi kira da muryar ƙaton namiji.

"Yaya! Yaya Haladu!"

Ya farka firgigit. Rumfa ce, zabira na ƙarƙashin kansa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Malam Sa'adu ne durƙushe a kansa yana girgiza shi, babur ɗinsa a jingine a bakin rumfa. Ciwon ƙashin yana nan inda ya bar shi. Inuwar rumfar ta tsuke, saura ƙiris ta shige ƙarƙashin ginshiƙi.

"An kira azahar?"

"Tukuna, amma ladan ya shiga alwala. Yaya, lafiya? Dama zuwa na yi in ji ko maganarmu ta gobe tana nan. Rantsuwar."

Haladu ya tashi zaune da ƙyar. Masu shaguna na kusa sun leƙo, mai shayi ma ya miƙo wuya. Bai rage murya ba. Ya miƙa hannuwansa biyu a gaban fuskar surukinsa, suna kaɗawa kamar ganyen rama.

"Kalle su da kyau, Sa'adu. Wannan shi ne hannun da babu komai a jikinsa. Kwana biyu ban sha ba, in rantsuwa kake so yanzu ma sai in yi maka. Shi kake so a kan maɗigar ɗanka?"

Malam Sa'adu ya kalli hannuwan, ya kasa ɗauke ido. Haladu ya ci gaba.

"Wanda ya yi maka aski ranar Juma'ar da ta wuce, har ka ce ba ka ji wucewar aska ba, wancan ya sha maganinsa da safe. Gobe ma zai sha, jibi ma haka, har ranar da likita ya ce a fara ragewa. Ba zan rantse ba. In ka yarda da wancan hannun, kai ni asibiti kafin a rufe taga. In ba ka yarda ba, nemi wani wanzamin, ba zan riƙe ka a zuciya ba, ni dai ko da rarrafe zan je."

Ya dafa ginshiƙi ya miƙe, ya bar hular a kan tabarma, ya fita rana yana tangaɗi. Taku biyar ya yi ya ji babur ya tashi a bayansa, ya zo ya sha gabansa.

"Hau, Yaya," in ji Malam Sa'adu. "Ta wace ƙofa ake shiga?"

"Ta gaba," in ji Haladu. "Kuma ka riƙa danna oda."